Motar da Babu Ita

Warin roba mai zafi da ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa, su nake fara tunawa idan aka yi zancen ranar da Malam Ado ya kawo motarsa rumfarmu. Injin iska yana ta tari a bayana, irin tarin da yake yi kafin ya yarda ya tashi. Baba yana zaune a benci da tsohon tiyub a cinyarsa. Ni kuma ina tsugune gaban bahon ruwa, ina jiran wata taya ta nuna mini inda take sace iska.

Ƙannena da abokansu nake rubuta wa wannan. Su ne masu zama a bencin rumfa da yamma suna cewa faci ba sana'a ba ce, cirewa ne da liƙewa da hurawa. Ba na yi musu musu. Cirewa da liƙewa da hurawa suna ciki.

Rumfar Baba tana bakin titi a Kazaure, ba nisa da inda motocin Roni da Gwiwa ke lodi. Na gama karatun koyarwa ina jiran takardar aiki sai bayansa ya fara ciwo, na ce bari in riƙa zuwa ina kama masa kafin takardar ta zo. Takardar ba ta zo ba, ni ma ban tafi ba. Da farko direbobi kan tsaya su tambaye ni ina mai rumfar, alhali ga shi a zaune suna ganinsa. Sai Baba ya nuna ni da haɓa ya ce, "Uwata ce ke aiki yau." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Wasu su juya su tafi. Wasu kuma tayarsu ta riga ta kwanta, ba su da inda za su.

Aikina na farko ba da sifana aka yi shi ba. Baba ya tara mini tsofaffin tayoyi a gindin bishiyar dogon yaro, ya ce in riƙa shafa kowace da tafin hannu, in faɗa masa abin da ya same ta. Na ce ai cinyewa ta yi. Ya ce ya sani, ta ina? A nan na koyi cewa idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi mata yawa. Idan gefe da gefe ne, iskar ta yi kaɗan. Idan gefe ɗaya ne kawai, kuma ka shafa ta nan ka ji santsi, ka shafa ta can ka ji kaifi, to laifin ba na taya ba ne, ƙafar motar ce ta karkace tana son saiti. Tayar gaba ta dama a motocin haya kullum ita ke riga 'yan uwanta tsufa, saboda mutum biyu ake ɗorawa a kujerar gaba, kuma ita ce ke bin gefen titi inda kwalta ta gutsure. Wata rana na ce wa Baba taya kamar shafin littafi take, duk inda ta bi sai an rubuta a jikinta. Ya ce taya kamar taya take, in miƙo masa gam.

Akwai wani mai goro daga Babura da ya zo yana ƙorafin motarsa na jan sa dama. Ya ce ko ya saki sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya sai ta nufi daji, har matarsa ta fara cewa a nemi addu'a. Na duba lambar da ke jikin tayoyin gaba. Ta hagu ta fi ta dama tsayi da faɗi. An ba shi ita kyauta ne, shi ya sa bai tambayi lambarta ba. Na cire ta na kai baya, na haɗa ta da wata mai irin lambarta, na dawo da biyu masu kai ɗaya gaba. Ya zagaya ya dawo ya ce motar ta daina, amma duk da haka zai sa a yi addu'ar, tun da an riga an gaya wa malamin.

Wannan shi ne babin da masu zaman benci ba su sani ba. A takarda, mota tana son taya huɗu iri ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya. A titinmu kuwa, taya huɗu daga ƙasa huɗu suke fitowa, 'yan Kwatano, kowace ta yi rayuwarta a wani wuri kafin ta zo ta haɗu da sauran a ƙarƙashin Golf. Ba za ka ce wa direba ya zubar ba. Abin da za ka yi shi ne ka haɗa su bibbiyu: biyun gaba su dace da juna a lamba da zurfin zane, biyun baya ma haka. Idan huɗun sun yi kusa da juna, sai ka riƙa juya su lokaci lokaci, na gaba su miƙe baya, na baya su gitta su dawo gaba, don su cinye tare. Mai kibiya a jiki ba ta sauya ɓangare, inda kibiyar ta nuna nan take gudu. Idan kuma biyu ne kawai masu kyau, baya ake sa su. Direbobi ba sa son jin wannan. Kowa gaba yake so, inda sitiyari yake, inda fasinja ke gani. Amma in ruwa ya kwanta a titi, gaba ta zame kana da abin riƙewa a hannunka. Baya ta zame, sai dai ka ga hanyar da ka baro ta dawo gabanka.

Kowace taya da na gama da ita nakan sa mata alama da alli mai ruwan ɗorawa a cikin kumatunta, ɓangaren da ke fuskantar ƙarƙashin mota, inda ruwa bai cika wankewa ba. BD, baya dama. BH, baya hagu. In ta dawo, na san inda na bar ta.

Shekarar da Malam Ado ya zo ita ce shekarar da man fetur ya tashi, taya ta bi shi. Babu mai sayen sabuwa, ko 'yar Kwatano sai an yi shawara da iyali. Tayoyin da a da muke bai wa masu yanka takalmi da guga, su suka koma kan titi. Mun yi faci a kan faci har na fara gane aikin hannuna na bara a ƙarƙashin na bana. Da ruwan fari ya sauka, wata mota ta zame a gangaren hanyar Roni ta kwanta a gonar mutane. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Amma shugaban tasha ya kafa doka: har damina ta fita, duk motar da tayoyin bayanta suka yi sanƙo ba za ta yi lodi ba. Da kansa yake zagayawa da makullin babur ɗinsa, yana cusa bakinsa cikin zanen taya. In makullin bai sami wurin shiga ba, an cire ka daga layi.

Malam Ado dattijo ne mutumin Gwiwa, mai farin gemu da ƙaramar murya. Motar nan tasa, tsohuwar Golf, ita ke ciyar da gidansa daga shuka zuwa girbi. Tayoyinsa na baya sun yi sul kamar bayan ƙwarya, amma a gaba akwai biyu masu kyau, iri ɗaya, zanensu da zurfi har yatsa na shiga. Ya gaisa da Baba, suka tambayi juna iyali da ruwa, sannan ya juyo gare ni.

"'Yata, biyun nan nake so su kai ni kaka. In na cire gyaɗa sai in san abin yi."

Na shafa su, na tambaye shi zirga-zirgarsa. Ya ce Kazaure zuwa Roni zuwa Gwiwa, yawanci ranakun kasuwa. Na ce in Allah ya yarda za su kai, har su yi saura, in dai a baya za su zauna. Bai yi gardamar da direbobi suka saba ba. Na ɗaga motar da jak, na mai da su baya, na zaɓo masa masu dama-dama cikin tsofaffinsa da safaya na haɗa a gaba, na sa alli. Na ce ya riƙa dawowa ina sauya musu ɓangare, ina duba iska.

Da ya dawo, gero ya kai gwiwa. Tun kafin in tsuguna na ga BH tana dama, BD tana hagu. Wannan ba komai ba ne, mutum na iya yin faci a hanya a mayar masa ba daidai ba. Amma da na sa hannu sai na tsaya. Sun cinye fiye da abin da hanyar Gwiwa za ta ci. Ɗaya daga ciki gefenta na ciki ya zaizaye, santsi ta nan, kaifi ta can. Na leƙa ƙafafun bayan motar, lafiyarsu lau. Bayan mota ba ya yi wa taya irin wannan cin, aikin ƙafar gaba ne, kuma ƙafar da ta karkace. Na duba gaban motarsa, shi ma a saiti yake. A cikin zanen kuma, ƙarƙashin jan laka irin na Roni, akwai farin yashi mai laushi da ba na hanyarsa ba.

Na ce, "Baba Ado, wace mota ce kuma take sa tayoyin nan?"

Ya ce wace mota?

Na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce akwai wata mota, Golf ce ita ma tun da rim ɗin ya shiga, tana sa tayoyin a gaba, ƙafarta ta hagu a karkace take, kuma tana bin hanya mai yashi. Na ce in aka ci gaba a haka, wayar cikin tayar za ta fito kafin gero ya yi kai, makullin shugaban tasha ba zai sami wurin shiga ba. A kawo motar kawai a yi mata saiti, magana ta ƙare.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Babu wata mota, 'yata."

Na buɗe baki zan ƙara, Baba ya ce daga benci, ba tare da ya ɗago ba, "Uwata, ya ce babu."

Malam Ado ya tafi masallaci ya bar mana motar. Na ce wa Baba dattijon nan alherinsa zai kai shi ƙasa, yana ara wa wani tayoyinsa ana cinye masa su, kuma ko wane ne mai aron nan ba shi da ta ido. Baba ya ce mu taya aka kawo mana, ba a kawo mana direba ba. Motar da babu ita ba a kiran ta rumfa. Ya goge tiyub, sannan ya ce amma tayoyin ai suna zuwa can.

Sai na ɗauki alli. Na fara da sallama, na shiga bayanin yadda ƙafar da ta karkace ke jan taya a kaikaice kamar mai tafiya da takalmin wani, har na kusa zagaye kumatun tayar. Baba ya leƙo ya ce wannan taya ce, ba allon aji ba. Na goge. Na rubuta: A sa su a baya. Ƙafar gaba ta hagu tana son saiti.

Kafin nan sai da na yi aikin da ya fi kowane wahala a ranar. Na sace iskar tayar da ta zaizaye, na fasa bakinta daga rim da guduma da ƙarfe, na zare ta, na juya ta ciki ya koma waje, don gefen da ya saura da nama ya karɓi aiki. Na shafa ruwan sabulu, na mai da ita, na hura har ta yi ƙarar zama. Masu cewa faci hurawa ne, ina gayyatarsu su zo su fasa bakin taya ɗaya da ta shekara a kan rim mai tsatsa. Ina cikin rubutun Malam Ado ya dawo. Ya tsaya a kaina ya ga abin da nake yi. Sai ya ɗaga kai sama ya ce wa Baba hadari na haɗuwa ta wajen 'Yankwashi.

Zuwansa na gaba, tayoyin suna inda na bar su, kowace a ɓangarenta. Na shafa gefen, kaifin ya fara kwanciya. Na kwanta na leƙa ciki. Rubutuna ya dushe, amma a ƙarƙashinsa an rubuta da farar ƙasa, da manyan baƙaƙe:

To.

Na gaya wa Baba motar da babu ita ta je saiti. Ya ce madalla.

Haka muka ci gaba da aiki mu uku, ni da Malam Ado da wanda babu shi. Na fara lissafa tayoyin a matsayin masu aiki biyu, na ƙara musu iska kaɗan saboda lodin da ban gani ba, na ce a riƙa kawo su da wuri. Wani zuwan na tarar an rubuta: Ta dama tana sace iska. Na sa ta a baho na juya, na juya, ban ga komai ba. Na bar ta cikin ruwan na zuba ido. Can sai ga kumfa ɗaya ƙanƙanuwa ta fito daga gindin bawul, ta hau sama a hankali kamar ba ta son a gan ta. Na sauya bawul. Na rubuta: An gyara. Malam Ado yana zaune a benci suna zancen tsadar taki da Baba. Bai taɓa tambayar abin da ake rubutawa a tayoyin motarsa ba.

Ƙarshen damina ya same su a gajiye. Zanen da yatsana ke shiga a da, yanzu farce kawai yake karɓa. Na daina cewa za su yi saura. Wata safiya, gero ya sunkuya amma ba a fara cire gyaɗa ba, na ga shugaban tasha ya nufi layin Gwiwa da makullinsa. Daga rumfa ana hango wurin. Na ajiye sifana. Ya duba mota ta farko ya wuce, ya cire ta biyu daga layi, direban yana bin sa da magana. Ya zo kan ta Malam Ado ya tsuguna. Ya cusa makulli a ta dama, ya zagaya ya cusa a ta hagu, wadda na juya. Ya daɗe a nan. Ya matsa gaba kaɗan ya sake cusawa. Malam Ado yana tsaye yana ɗaure buhu a but, bai ko waiwaya ba. Shugaban ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya wuce mota ta gaba. Mata biyu da kwandon kaji suka shiga baya.

Baba ya ce in na gama kallo, ga mai babur yana jira.

Da aka cire gyaɗa, Malam Ado ya zo da 'yan Kwatano biyu masu lamba ɗaya, na ɗaura masa a baya. Al'adar rumfa ce tsohuwar taya takan zauna a wurinmu, don haka na tambaye shi ina biyun nan. Ya ce sun koma gida. Na ɗauka gidansa yake nufi.

Abin da nake so masu zaman benci su riƙe shi ne, taya ba ita kaɗai take tafiya ba. Tana tafiya da 'yar uwarta ta ɗaya ɓangaren, da ƙafar da aka ɗaura ta, da hanya, da yawan mutanen da aka cusa a kujera. In ka liƙe huda ka hura ba ka duba waɗannan ba, gobe za ta dawo, ko kuma ba za ta dawo ba. Guduma da sifana da jak ana koyonsu cikin ɗan lokaci. Tafin hannu shi ke daɗewa.

Shekaru sun wuce. Malam Ado ya ajiye tuƙi saboda ido, Baba ma ba ya zuwa rumfa sai ya ga dama. Wata rana wata tsohuwar Golf ta layin Babura ta tsaya, wani mutum mai furfura kaɗan ya fito ya ce a juya masa tayoyi. Na ɗaga, na juya, na ɗauki alli ina sa alama. Ya matso ya tsaya yana kallon hannuna.

"Ashe ke ce mai rubutu a taya," in ji shi.

Na ce ni ce. Ya ce sunansa Sale, ƙanen Malam Ado ne uwa ɗaya uba ɗaya. Da ya faɗa sai na ga kamar, a goshi da yadda yake tsayuwa. Ya ce tun da aka raba gonar mahaifinsu magana ba ta shiga tsakaninsa da Yaya ba, har yau ɗin nan, in sun haɗu a jana'iza kowa sahunsa daban. A zauren yayarsu mace a Roni ake ajiye tayoyin. Yaya ya ajiye in ya gama kasuwanninsa, shi ya ɗauka ya yi Babura, ya dawo ya ajiye. Ba su taɓa haɗuwa a zauren ba. Ya ce kuɗin saitin nan ya ji a jikinsa a shekarar, amma da ya ga rubutu ya san ba wasa.

Na ce Allah ya saka wa Malam Ado, ba kowa ne zai ara wa wanda ba sa magana da shi tayoyinsa ba, a shekara irin waccan.

Ya dube ni, ya dubi allin da ke hannuna.

"Malama, ai tayoyin nawa ne. Na saya tun kafin kaya su tashi. Da na ji dokar tasharku sai na kai su zaure na ajiye. Washegari na je ban same su ba."